Alƙali Yana Ritaya, Lauya Fa?

 Yau ba labarin farashin wake ko na bandar kifin Baga na kawo muku ba. Zancen lauyoyi ne, kuma kafin wani ya juya shafi ya ce ina ruwan mai sayar da goro a Agege da masu baƙar riga da farar hular gashi, ya dakata tukuna ya ji abin da ya sa na ɗauko shi.

Kwanakin baya wani dattijo wanda ya yi shekara fiye da ashirin yana harkar shanu a Ikko ya sauka nan garin don ya sayar da wani fili da ya saya tun yana da sauran ƙarfi, domin yana da 'ya'ya biyu da zai aurar. Takardun filin nan duka, da ta ciniki da ta shaidar mallaka, ya ba wani lauya ajiya tun da daɗewa, don a ganinsa sun fi tsira a ofishin lauya bisa ga ɗakin haya a Kurmi. Ya roƙe ni in raka shi, tun da yake ni ne mai yawan zirga-zirga a harabar kotu. Muka je, muka tarar ofishin ya zama shagon gyaran wayar hannu. Yaron shagon bai ma taɓa jin sunan lauyan ba. Sai wani mai shayi a bakin titi ya gaya mana cewa Allah ya yi wa lauya rasuwa shekarun baya, akawunsa ya koma garinsu, takardun ofis kuwa an ɗura su cikin buhuna an kai gidan marigayin. Da muka isa gidan, uwargidan ta karɓe mu da mutunci, ta nuna mana inda ruwan ambaliyar watan Satumba na 2024 ya tsaya a jikin bango, sa'an nan ta nuna mana abin da ya rage na buhunan. Dattijon nan ya daɗe yana kallonsu bai ce uffan ba. Da ya buɗe baki, abin da ya ce da ita shi ne, “Hajiya, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne.” Ita kuma ta ce, “Alhaji, ka yafe masa, har ya kwanta ciwo yana zuwa kotu.”

Maganar Hajiyan nan ta ƙarshe ita ce ta hana ni barci. Mutum ya yi shekara talatin ko fiye yana tsayawa gaban alƙalai, babu ranar da aka ce ya gama, ya koma gida ya huta. Bai sami fansho ba, bai sami wata riga ta girma ba, kuma ranar da ya faɗi ofishinsa ya faɗi tare da shi, har da amanar mutane da ke ciki.

Ku dubi yadda abin yake ga alƙali. Tsarin mulkin 1999 ya yanka wa alƙalai ranar ajiye aiki: na Kotun Ƙoli da na Kotun Ɗaukaka Ƙara shekara 70, na manyan kotuna shekara 65. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a gyaran da ya mai da su duka shekara 70. In ranar ta zo akan yi zaman kotu na ban kwana, manyan lauyoyi su tashi ɗaya bayan ɗaya su yaba, a rubuta a ajiye, sa'an nan fansho ya biyo baya. Mu nan Borno mun ga irin wannan. Mai Shari'a Clara Bata Ogunbiyi, 'yar garin Lassa, ta yi alƙalanci a Babbar Kotun Jihar Borno, ta hau Kotun Ɗaukaka Ƙara, ta isa Kotun Ƙoli a 2012, ta sauka a watan Fabrairu na 2018 da ta cika shekara 70. Mai Shari'a Ibrahim Auta, shi ma ɗan jihar nan, ya shugabanci Babbar Kotun Tarayya daga 2011 har ya ajiye a 2017. Waɗannan sun shiga ta ƙofa sun fita ta ƙofa, kowa ya gani. Tsarin mulki ma ya hana wanda ya sauka daga kujerar alƙalanci ya koma ya tsaya gaban kotu a matsayin lauya, watau doka da kanta ta ce masa ya isa haka.

Lauya mai zaman kansa kuwa ba wanda zai ce masa ya isa. Shi ma akan yi masa zaman kotu na ban kwana, amma fa sai ya mutu. In Musulmi ne, an riga an kai shi makwancinsa kafin a taru, a yabe shi ba ya ji.

Wani zai ce ai lauyoyi suna da tasu girmamawar, kuma gaskiya ne. Ita ce muƙamin Babban Lauyan Nijeriya, wanda kuke gani ana rubuta SAN a bayan sunan mutum. Asalinsa daga Ingila ne, inda ake naɗa zaɓaɓɓun lauyoyi a kira su lauyoyin Sarauniya, ko na Sarki in namiji ne ke kan gado. Cif Rotimi Williams da H.O. Davies su ne 'yan Nijeriya na farko da suka sami wancan na Ingila a 1958. Da muka zama jamhuriya aka bar shi, sai a 1975 aka kafa namu na gida, kuma ran 3 ga watan Afrilu na shekarar nan aka naɗa mutum biyu na farko, watau Rotimi Williams da Dokta Nabo Graham-Douglas. Mace ta farko ita ce Folake Solanke a 1981. Wanda aka naɗa yakan sa riga ta siliki maimakon ta sauran lauyoyi, ya zauna a layin gaba cikin kotu, a kuma kira shari'arsa kafin ta kowa. Na sha ganin haka a Gidan Madara: ƙaramin lauya ya zo tun ƙarfe takwas, mai siliki ya shigo ƙarfe tara da rabi, kafin sha ɗaya ya gama ya kama hanyar filin jirgi, shi kuwa na ƙarfe takwas yana nan zaune har azahar. Kuma ba sai an gaya muku ba, kuɗin da mai siliki ke yanka wa wanda ya ɗauke shi ba irin na sauran ba ne.

Arewa ta shiga wannan layi a makare, kuma dalilin a fili yake. Zamanin En'e lauya ba ya tsayawa a kotun alƙali, can kuwa talaka yake kai ƙararsa ta gado da aure da gona. Saboda haka iyayenmu ba su ga abin da zai sa su tura yaro karatun lauya ba, wasu ma suna ganin sana'a ce ta mai da ƙarya gaskiya. Lauya na farko daga Jihar Arewa shi ne Alhaji A.G.F. Abdul-Razaq na Ilori, wanda ya zama lauya a Ingila a 1955, kuma sai a 1985 ya sami siliki, shekara goma cif bayan an fara rabawa. Ko a nan Maiduguri, shari'ar da ta fi kowace suna a tarihin garin lauyan Kudu ne ya jagorance ta. Manya daga cikinku za su tuna da Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Borno a ƙarƙashin jam'iyyar GNPP, wanda gwamnatin Shagari ta kwasa ta tsallakar da shi Chadi a watan Janairu na 1980 bisa cewa wai ba ɗan ƙasa ba ne. Cif G.O.K. Ajayi ne ya taso daga Ikko ya tsaya masa, Mai Shari'a Oye Adefila na Babbar Kotun Maiduguri ya yanke cewa Shugaba ɗan Nijeriya ne, ya kuma ce a biya shi diyyar Naira 350,000. Jami'ar Maiduguri a lokacin shekararta biyar kacal da kafuwa, tun da a 1975 aka buɗe ta.

Yau labari ya sake. Jami'ar nan ta yaye lauyoyi masu yawa, Makarantar Horar da Lauyoyi ma da can sai Ikko, yanzu tana da reshe a Bagauda ta Kano da kuma Yola. Siliki shi ma ya iso mana. Amma ku lura da hanyar da ya bi ya iso, don nan ne ƙorafina yake.

Misalin da kowa ke kawowa shi ne na Cif Joe-Kyari Gadzama, shi ma mutumin Lassa ne kamar Mai Shari'a Ogunbiyi, abin da ya isa ƙaramin gari alfahari. A Jami'ar Maiduguri ya yi karatun lauya, ya fara aiki a 1986, ya buɗe ofishinsa a garin nan a 1989, ya sami siliki a 1998 bai kai shekara arba'in ba. Yau ofishin nan ya zama babban kamfanin lauyoyi mai hedkwata a Abuja, shi kansa kuma sau biyu yana neman shugabancin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya, a 2016 da 2022, ko da yake A.B. Mahmoud na Kano ne ya ci na farko, Yakubu Maikyau na Kebbi ya ci na biyu. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan don ya koma Abuja. Kifi inda ruwa ya fi zurfi yake bi, ku ma da kuke karanta wannan shafi abin da ya kai ku Kurmi ke nan. Akwai kuma Kaka Shehu Lawan, wanda ya daɗe yana Kwamishinan Shari'a na Borno, ya sami siliki, a 2023 kuma ya tafi Majalisar Dattawa. Ɗaya ta hanyar Abuja, ɗaya ta hanyar ofishin gwamnati. Tambayata ita ce, wanda ya zauna a ɗaki biyu a bayan Fos Ofis yana shari'ar gona da gado da belin 'ya'yan talakawa, wace hanya ce tasa?

Kwamitin da ke raba muƙamin, wanda Babban Jojin Nijeriya ke shugabanta, yana da sharuɗɗa. Sai mutum ya yi aƙalla shekara goma yana aikin lauya. Ƙa'idojin da aka fitar a 2018 sun nemi ya nuna shari'o'i 20 da ya kai ƙarshensu a babbar kotu, da 5 a Kotun Ɗaukaka Ƙara, da 4 a Kotun Ƙoli, ya kuma nuna waɗanda ya yi kyauta don marasa hali. Akan je a duba ofishinsa, a ga ɗakin littattafansa da ƙananan lauyoyin da ke ƙarƙashinsa, ga kuma kuɗin nema mai nauyi da zai biya ko ya samu ko bai samu ba. A takarda babu wanda aka zalunta, sharaɗi ɗaya ne ga na Ikko da na Yerwa.

To amma wa ke kai ƙara Kotun Ƙoli? Banki ne, da kamfanin mai, da ɗan siyasar da aka kayar a zaɓe, da gwamnati. Su ne ke da kuɗin da za su bi shari'a shekara goma ba su gaji ba. Mai gonar gero a Konduga in ya faɗi a babbar kotu yakan ce ya bar wa Allah, ba don ya yarda da hukuncin ba, don dai ba shi da kuɗin mota. Shekaru masu yawa in za ka ɗaukaka ƙara daga Borno sai ka tafi Jos, ka biya wa lauya mota da masauki, a ɗage, ka sake biya. Lauyan da mutanensa irin waɗannan ne, ko ya fi kowa iya magana gaban alƙali, daga ina zai tara shari'a huɗu a Kotun Ƙoli? Mudun da ake awo da shi a kasuwar masu kuɗi aka sassaƙa shi.

Ku ƙara da abin da garin nan ya gani tun daga watan Yuli na 2009. Duk wanda ke da dangi a nan ya san sauran. A watan Mayu na 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka yanke layukan waya makonni da yawa, lauya ba ya iya kiran wanda yake karewa, balle shaidu. Bayan harin watan Disamba na shekarar nan jiragen fasinja suka daina sauka na tsawon lokaci, hanyar Damaturu kuwa sai wanda ya yi alwala ya yi sallama da iyali. Kotunan ƙananan hukumomi da yawa suka tashi, aiki ya tattaru a cikin birni. A farkon 2021 aka kayar da turakun wutar lantarki, gari ya daɗe cikin duhu. A watan Fabrairu na 2023 Kasuwar Litinin ta ƙone, da dukiyar 'yan kasuwan da su ne ke ɗaukar lauya. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle. Masu hali da yawa sun kwashe iyali sun koma Abuja da Kano da Kaduna, ba kuma mai zarginsu. Amma akwai lauyoyin da suka zauna, Musulmi da Kirista, 'yan jiha da waɗanda iyayensu suka zo daga Kudu, suna bin sawun yaran da aka kama cikin rububi, suna tsaya wa matan da aka kashe mazajensu a rabon gado. Yawancin wannan aiki ba ya zama hukuncin da za a ɗaure cikin littafi a kai wa kwamiti a Abuja. Yaro ya fito daga tsare, uwarsa ta yi godiya, shi ke nan.

Na san abin da masu kare tsarin za su ce, kuma ba zancen banza ba ne. Za su ce siliki ba sadaka ba ce, ba kuma lambar jaruntaka ba ce, shaida ce ta ƙwarewa, in aka fara raba shi jiha-jiha kamar kujerun aikin hajji darajarsa za ta zube. Na yarda da rabin wannan. Ni ma ba na son a naɗa mutum don kawai daga Borno ya fito. Amma a 2023 mutum 58 aka naɗa, a 2024 kuwa 87, saboda haka ba a ce rigar ta yi ƙarancin da ba za a iya duban wani irin aiki dabam ba. An ma riga an buɗe ƙofa ta musamman ga malaman jami'a, waɗanda ake aunawa da littattafan da suka rubuta ba da yawan shari'a ba. In an gane cewa malami yana da nasa mudun, me zai hana a gane cewa wanda ya yi shekara goma sha biyar yana aikin lauya a garin da ake yaƙi shi ma yana da nasa?

Kuma kada a ce mini kwamiti ba ya kuskure. Cif Gani Fawehinmi, wanda ba a taɓa yin lauyan da talaka ya sani kamarsa ba, shekara da shekaru ana tsallake sunansa, har ɗaliban jami'ar Ife suka gaji suka naɗa shi Babban Lauyan Talakawa da kansu. Mu nan muna da rabo a labarinsa, don a 1989 gwamnatin Babangida a kurkukun Gashuwa ta tsare shi, lokacin Gashuwa tana cikin Jihar Borno kafin a yanke Yobe a 1991. Sai a 2001 aka ba shi siliki, shekara takwas kafin rasuwarsa a watan Satumba na 2009. Ba wata ƙwarewa ya ƙaro a 2001 wadda ba shi da ita a 1985.

Amma bari in bar siliki haka, don ko an gyara tsarin gobe, mutum nawa zai rufe? Mafi yawan lauyoyi a ko'ina cikin ƙasar nan za su tsufa ba su sa shi ba. Babbar maganar ita ce ta tsufan kanta.

Dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya ajiye kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi ya ƙara kashi 10, amma tilas ɗin ya hau ne kan ma'aikatar da ke da mutum 15 ko fiye. Ku zagaya Maiduguri ku ƙirga ofisoshin lauya nawa ne ke da mutum 15. Abin da aka saba gani shi ne maigida ɗaya, da ƙaramin lauya ɗaya ko biyu, da akawu, wani lokaci da ɗan bautar ƙasa. Ƙaramin lauyan albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, saboda haka da ya yi shekara uku ko huɗu sai ya tsere, ko ya nemi aikin majistare, ko Ma'aikatar Shari'a, ko ɗaya daga ƙungiyoyin agajin da suka cika garin, ko kuwa shi ma ya kama ɗaki ya kafa allonsa. Ta haka maigida ke tsufa ba magaji, yaro kuma ya fara daga tushe kamar ba wanda ya riga shi. A watan Maris na 2019 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho na masu zaman kansu, wanda tela da direba da lauya duk za su iya shiga su riƙa zuba abin da ya sawwaƙa. Lauyoyin da na tambaya a harabar kotu yawancinsu dariya suka yi, wani ya ce fanshonsa shi ne gidan haya biyu da ya gina a Bulumkutu. Allah ya sa albarka, amma ba kowa ya gina ba, kuma ruwa da wuta ba su san gidan lauya ba.

Ko manyan Ikko ba su tsira daga wannan ba. Rotimi Williams, wanda tun 1948 ya haɗa kai da Bode Thomas da Remi Fani-Kayode suka kafa kamfanin lauyoyi na farko na 'yan ƙasa, yana aiki har kusa da rasuwarsa a 2005 yana da shekara 84. Gani kuwa wasiyya ya bari cewa a rufe ofishinsa bayan ransa, aka kuma rufe. Amma shi Gani ya tsara abinsa, ya faɗi yadda za a yi, masu shari'a a hannunsa suka san inda za su nufa. Namu na nan yawanci ba wasiyya, ba abokin tarayya, ba ko jerin sunayen masu ajiya. Abin mamaki ne a ce mutumin da ya rubuta wa ɗaruruwan mutane yarjejeniya bai rubuta wa kansa ko ɗaya ba, amma an ce wanzami ba ya son jarfa.

Abin da nake gani ya kamata a yi ba sabon abu ba ne. Lauyoyi uku ko huɗu su haɗa ofis ɗaya na tarayya na gaske, da rabon riba a rubuce, yadda in babba ya kai shekara 65 ko 70 zai ja baya ya zama mai ba da shawara, a riƙa ba shi kasonsa, sunansa na nan a allo, yaran da ya horar su ci gaba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ma sauƙaƙa irin wannan tarayya a duk faɗin ƙasa. Abin da ke hanawa hali ne: kowa yana so a ce shi ne maigida, kuma maganar kuɗi tsakanin abokai tana da wuya a wurinmu. 'Yan kasuwarmu ma haka suke, shi ya sa shago nawa ne a Kasuwar Litinin ya wuce jika? Reshen Ƙungiyar Lauyoyi na Maiduguri kuma ya buɗe rajista, kowane lauya mai ofis shi kaɗai ya rubuta sunan lauyan da zai karɓi takardunsa in ta Allah ta kasance, a kuma sanar a allon kotu duk lokacin da aka rufe wani ofis, da inda aka kai ajiyar mutane. Wannan ba ya bukatar izinin Abuja. Haka nan ba ya bukatar izinin kowa reshen ya keɓe rana ɗaya a shekara, a gayyaci Babban Jojin Jiha, a kira duk wanda ya cika shekara talatin da biyar ko arba'in yana aiki a garin nan, a tsayar da shi a gaban 'ya'yansa a faɗi abin da ya yi yana ji da kunnensa. Ana yi wa alƙalai, ana yi wa manyan sakatarori, har direban gwamna in zai bar aiki akan yanka masa rago.

Ku kuma 'yan'uwa na Kurmi, ga naku. Da yawa cikinku kun bar takardun gida ko na fili ko shari'ar gado a hannun wani lauya a Maiduguri, ko Kano, ko Sakkwato, kuna can Mile 12 ko Sabo ta Badun hankalinku kwance. In kun zo gida Sallar nan ku leƙa ofishin. Ku gaishe shi, ku tambayi lafiyarsa, sa'an nan ku tambaye shi cikin ladabi wane ne na biyunsa a ofis, ku san fuskarsa ku karɓi lambarsa. Ku nemi a rubuta muku takardar shaidar abin da kuka ba da ajiya, da kwanan wata da sa hannu. Asalin takardar mallaka ku riƙe abinku in babu shari'ar da ake yi a kanta, ku bar masa kwafi, ku sa yaro ya ɗauki hoton kowane shafi da waya ya tura wa mutum biyu cikin dangi. In shari'a ce ke gudana, ku san lambarta da kotun da take, don ko lauya ya faɗi, fayil ɗin kotu yana nan. Lauyan kirki ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Shi dattijon da na ba ku labari, mun yi sati biyu muna hawa da sauka tsakanin ofishin filaye da gidan mai unguwa. An dace biyu daga shaidun cinikin suna da rai, kuma wani ƙaramin lauya da ya taɓa zama a ofishin marigayin ya tuna da maganar filin, ya karɓi aikin. An ce za a iya fitar da sabuwar takarda, amma sai an yi rantsuwa a kotu an kuma buga sanarwa, abin zai ɗauki watanni. Dattijo ya ɗage bikin 'ya'yansa zuwa bayan Babbar Salla, ya hau motar dare ya koma Ikko.